Kwanoni Bakwai a Layin Gambiza

Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina jan igiyar awo, kuma ranaku da yawa sun zube daga kaina, amma akwai wadda ban taɓa iya mantawa da ita ba: ranar da na ɗaure wa tsohon ajudan, wato hafsan jandarma, haɓa da ɗankwali, na tsayar da shi a ƙofar gidansa yana gaida wata tsohuwa da ka. Tunda kun ce in ba ku labari guda kafin in miƙa makullin biro, wato ofishinmu, wannan zan ba ku, ko da yake ni ne na kwashi kunya a cikinsa.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda baƙin da ke cikinmu. Biron namu na wani jeyometir ne mai zaman kansa a Madawa, wato masanin awon ƙasa, wanda muke kira Shef kawai. Idan gari ya cika ya fara malala cikin gonaki, masu gona su sayar, mu kuma mu je mu auna mu yanka filin gida-gida. Wannan shi ake kira lotisma. Kowane yanki sunansa parsel, ana dasa masa duwatsun siminti huɗu a kusurwoyinsa, su ne borni. Daga nan a zana taswira, a ba kowane parsel lamba, mai saye ya karɓi takardarsa. In wani ya gina kuma ya tashi sayarwa, mu ne muke sake duba borni mu shirya takardun canjin suna. A lokacin ni ne mataimakin Shef, ni ke fita da masu saye in nuna musu wuri. Ina ji da kaina ƙwarai, don a ganina babu mai sayen da zai shigo hannuna ya fita bai sa hannu ba.

Wata bazara, ana sauran 'yan makonni ruwa ya sauka, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya shigo biro. Sunansa Mushe Hamidu, don Mushe muke ce wa malaman boko, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Madawa. Da muka gaisa na tambayi asalinsa, sai ga shi ɗan wajen Keita ne kamar ni, tsauni guda ne ya raba ƙauyensu da namu. Yana da mata, Rabi, da 'ya'ya biyu, ga kuma ciki ya tsufa, duk suna cunkushe a ɗakin haya guda. Na ɗauke shi a moto, wato babur ɗina, na kai shi wani gida da ke hannunmu a sabon lotisma, can ƙarshen gari inda gidaje ke haɗuwa da gonakin gero. Ɗaki biyu da zaure, an ja katanga, ga dogon yaro a tsakar gida, ga famfo a bakin layi, lakwal kuma da ƙafa ake zuwa. Mushe ya zagaya sau uku yana shafa bango. Ina ganin haka na fara laluben alƙalami a aljihu.

Sai ya zauna a kan dakalin zaure ya yi ajiyar zuciya.

"Malam Idi, gida ya yi mani," in ji shi. "Amma Inna ta ce sai ta taho ta gani da idonta. In maƙwabta ba namu ba ne, Rabi da ɗiya su koma ƙauye wurinta, ni in zamna nan ni ɗai."

Na tambaye shi me ake nufi da namu. Ya ce Adarawa, in da hali ma 'yan wajen Keita. Na ce ai shi ne mai gida, ya lallashe ta mana. Ya dube ni kamar na ce ya ɗauki tsaunin ƙauyensu ya kawo Madawa. Tun rasuwar mahaifinsa, in ji shi, bai taɓa tsallake maganar Inna ba, kuma ba a kan gida zai fara ba. Ga shi kuma ba ya son 'ya'yansa su tashi yana ganinsu daga hutu sai hutu. Na ga idonsa ya yi ja, sai tausayi ya kama ni, ya haɗu da kwaɗayin a ce ni na sayar da gidan.

Matsalar ita ce layin da gidan yake. Mutanen gari sun sa masa suna Layin Gambiza, saboda haɗin gambizar da ke cikinsa. Dama da gidan akwai Ajudan Sumana, Bazabarme, wanda ya yi ritaya daga jandarma amma har yanzu yake tafiya kamar ana buga masa ganga. Hagu kuma Agali ne, Buzu, maƙerin azurfa, wanda ban taɓa ganin bakinsa ba saboda rawani, ban kuma taɓa ganin butar shayinsa a ƙasa ba. Gidan da ke kallonsu na Maman Bose ne, Bayarabiya mai sayar da robobi a kasuwa. Sauran gidajen akwai Bafulatani mai shanun tatsa, da Babarbare mai ɗinki, da wani mai walda ɗan Togo, da direba ɗan Damagaram. Ba'adare ko na magani babu. Ajudan da Agali kuwa abokan wasa ne, kun san yadda Zabarmawa da Buzaye suke, daga asuba har magariba suna jifan juna da baƙar magana ta kan katanga, kuma ba su taɓa kawo mana ƙara ba ko sau ɗaya.

Akwai wani layin a lotisman da 'yan wajenmu suka taru suka saye, ana ce masa Layin 'Yan Gida. Parsel guda ne ya rage a can, shi ma fili ne tsirara a bakin kwazazzabo, inda ruwan damina ke bi. Ko an saya, ba a gama gini kafin Rabi ta sauka.

Na koma biro na kai wa Shef maganar. Bai ko ɗago kai daga taswira ba. Ya ce mu ƙasa muke sayarwa, maƙwabta ba sa cikin takarda, in gaya wa tsohuwa gaskiya, in ta ƙi a nemi wani mai saye. Na ce to, Shef. Da na fito sai na yi abin da duk ma'aikacin da yake ganin ya fi shugabansa wayo yake yi: na shirya tawa dabarar ban gaya masa ba.

Bayan la'asar na tara mazan layin a gindin bishiyar ƙofar Agali, Maman Bose kuma ta jawo kujerarta ta zauna ba wanda ya gayyace ta. Na bayyana musu halin da Mushe yake ciki, na ce abin da nake roƙo ɗan kaɗan ne, su zama Adarawa na yini guda. Ajudan ne ya fara amsawa. Ya miƙe ya ce wannan aiki ne irin nasu, ya sha yin ɓad-da-kama a bakin iyaka, a ba shi matsayinsa kawai. Sai dai Hausar Ajudan, duk shekarun da ya yi a ƙasar Hausa, ba ta iya jimla biyu ba tare da ta tona masa asiri ba. Muka gwada gaisuwa sau biyar, sau biyar ana faɗuwa da dariya.

Agali, wanda tun da aka fara yake ta ɗaga buta sama yana zuba shayi, ya ce shi yana da shawara. A ɗaure wa Ajudan haɓa a ce ciwon haƙori yake, kada ya buɗe baki tun safe har tsohuwa ta tafi. Ya ce in aka yi haka, shi ya yarda ya ɓoye kayan shayinsa da sirdin raƙumin da ke rataye a zaurensa, ya yarda a kira shi kowane suna, don shekara shida yake roƙon Allah ya nuna masa ranar da layin zai huta da muryar Bazabarme. Ajudan ya ce ya karɓa, don a nuna wa Buzaye masu tsoron kifi yadda soja yake riƙe umarni.

Na raba wa kowa aikinsa. Bafulatani zai fita da shanu tun da sassafe. Mai walda zai rufe gareji ya tafi yawo. Babarbare zai sa hula ya jawo ta ƙasa, ya sunkuya a kan kekensa. Maman Bose na ce ta yi zamanta a kasuwa har yamma.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ɗiya huɗu na haifa a garin nan, Malam Idi. Cibiyarsu tana nan binne. Yau ni ce za a ɓoye kamar kayan sata?"

Maganar ta soke ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na riga na yi nisa, sai na hau ba ta haƙuri. Ta ce ba ta zuwa ko'ina, za ta sa babban hijabi ta tsaya a ƙofarta, a kira ta Hajiya Bushira, kuma ba don ni za ta yi ba, don yarinyar nan mai ciki da ta gani rannan, da mijinta ya kawo ta ganin gidan, tana haki a bakin famfo. Na koma gida ina yaba wa kaina. Mushe da na gaya masa ya kama kai, ya ce shi bai ji ba bai gani ba.

Ranar Laraba da hantsi Inna Kulu ta sauka daga motar kasuwa da buhu guda da ƙwarya a ɗaure cikin zane. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana riƙe da kara, amma ba dogarawa take da shi ba, nuni take yi. Ta nuna ni da shi ta tambayi ɗanta ko wannan ne mai igiyar. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata sunan ƙauyenmu da na kakana. Ta ce ta san gidanmu, kakan nawa ya taɓa sayar wa mijinta jaki mai cizo. Daga nan ta ce a fara kai ta inda 'yan gida suke.

A Layin 'Yan Gida ko sauka daga moto ban gama ba wasu 'yan'uwa biyu, ɗan wa da ɗan ƙane, suka hango igiyar awo a kafaɗata. Shekara biyu suna rigima a kan borni guda da kowanne yake cewa ɗayan ya matsar da taki ɗaya. Suka ja ni, na auna, na ce borni yana inda muka dasa shi, duka biyun suka ce an saye ni. Inna tana zaune a kan bulo cikin rana, mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna tambayarta wa ya mutu, wa ya yi aure, 'yar wa ta fito, kowacce kuma kafin ta tashi sai ta raɗa mata laifin ta kusa da ita. Ba mugayen mutane ba ne, rigimar ce ta cinye su. Ruwa dai an ba ta a moɗa. Ta leƙa kwazazzabon, ta taɓe baki, ta ce mu je ɗaya wurin.

Layin Gambiza na same shi tsit, an share ko'ina. Maman Bose tana tsaye cikin hijabi har ƙasa, ta ce "lahiya lau" tun kafin a gaishe ta, na yi maza na ja Inna gaba. Agali ya gaishe ta da ladabi, na ce sunansa Malam Ali, ɗan wajen Tamaske. Inna ta dubi rawaninsa da dogayen yatsunsa ta ce madalla. Sai muka iso ga Ajudan, yana tsaye ƙyam a ƙofarsa, an ɗaure masa haɓa da ɗankwalin matarsa mai furanni, ƙullin yana tsakiyar kai. Na ce wannan Malam Usmanu ne, haƙori ya hana shi magana. Ya gyaɗa kai sau uku.

A nan ne Agali ya kasa haƙuri. Ya matso ya ce wa Inna, cikin muryar tausayi, bawan Allah nan kwana uku bai runtsa ba, likita ya gaza, ko tana da wani magani irin na tsofaffi. Inna ta ce ai ba ta tafiya ba shi. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin garin taba da jar kanwa da kanumfari, ta murje su a tafin hannu, ta umarci Ajudan ya tsuguna ya buɗe baki. Ya dube ni, na kau da kai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayar da manyan motoci da hannu ɗaya ya tsuguna a gaban tsohuwa, ta cusa masa haɗin nan a kurmin haƙori mai lafiya, ta mayar da ɗankwali ta ƙara tamkewa, ta ce kada ya tofar sai azahar. Hawaye suka riƙa bin kumatunsa. Agali yana tsaye a kansa yana yi masa sannu, rawaninsa yana rawa.

Inna ta shiga gidan ta duba ɗakuna, ta buga bango da kara, ta leƙa makewayi. Sai ta ce ita ba ta yanke magana a kan gida sai ta yini a cikinsa. A shimfiɗa mata tabarma a gindin dogon yaro, a ɗauko mata Rabi da jikokinta. Aka yi haka. Ni kuma na zauna a dakalin zaure da takardu a cinya, ina gadin layi, ina jin daɗi. Duk abin da ido zai gani na rufe, duk abin da kunne zai ji na toshe.

Ana sallame azahar na ga ƙofar gidan Ajudan ta buɗe, matarsa ta fito da kwano a rufe a kan faifai. Kafin in miƙe, matar Agali ta fito da nata. Sai matar Bafulatani da ƙwarya, sai ta Babarbare, sai ta direba, sai matar mai walda wadda ko Hausar kirki ba ta ji. A ƙarshe Maman Bose, ta cire hijabin don zafi, ta ɗaura gwaggwaronta, tana riƙe da kula mai hawa biyu. Na yi taro da maza, na koya musu gaisuwa, na ɓoye shanu da sirdi, amma ban tuna da abin da kowane yaro a ƙasar nan ya sani ba: baƙo ba ya yini a layi maƙwabta ba su aika masa da kwano ba. Matan ba wanda ya ce musu su dafa, ba kuma wanda ya ce kada su dafa. Sun ji tsohuwa ta sauka da mai ciki, kowacce ta ɗora abin da ta fi iyawa.

Na tare ƙofa na ce su kawo in shigar musu. Maman Bose ta ce in matsa ko ta bi ta kaina. Suka wuce, suka gaida Inna, suka jera kwanoni a gabanta, suka fita.

Inna ta sa Rabi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ni ina leƙe daga zaure. Shinkafa da baƙar miyar faku ta Zabarmawa da busasshen kifin kogi. Fura da aka dama da dabino da cuku. Kindirmo da curin man shanu yana yawo a kai. Burabusko da miyar kuka mai ƙamshin da ba namu ba. Ƙullin kafa a cikin ganye da soyayyen kifi. Tuwon direba ne kaɗai za a iya rantsuwa a kansa. Na ƙarshe kuma amala, baƙi wuluk, da miya mai yauƙi, da wata ja wadda tun daga zaure barkononta ya sa ni atishawa.

"Mai igiya," in ji Inna. "Taho nan."

Na je na tsuguna. Ta nuna amalar da kara.

"Wanga baƙin tuwo, a wane ƙauyen Adar anka tuƙa shi?"

Da mai hankali ne da ya tsaya a nan. Ni kuwa na ce wataƙila irin na mutanen wajen Buza ne.

"Ƙanwata na aure Buza shekara talatin," in ji ta. "Ba ta taɓa ba ni shi ba. Wagga hura mai cuku hwa, ta Malam Ali ɗan Tamaske ce? Shi kuma mai haƙori, a wane kogin Keita ya kamo kihi?"

Rabi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Mushe ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Ana cikin haka Ajudan ya yi sallama ya shigo, da Agali a bayansa. Ya kwance ɗankwalin, ya juya ya tofar, ya buga ƙafa ya sara wa Inna, ya faɗi cikakken sunansa da muƙaminsa da garin haihuwarsa a bakin kogi, da leɓen da ya kumbura. Ya ce ya karɓi umarni ya kuma cika shi har azahar, amma ba zai ƙara minti ɗaya ba. Agali ya ce Allah ya isa, zaman lafiyar layin bai kai ko yini ba. Ajudan ya ce a ba shi kifin nan ya bi Buzun nan da shi har Agadas. Inna ta yi dariya har ta ajiye kara, ta ce tun da ta ga haƙoran mutumin nan farare ƙal ta san lafiyarsu lau, ta dai cusa maganin ne ta ga iyakar ƙaryar.

Da dariya ta lafa, ta share ido, muryarta ta sauya. Ta ce a garin da aka fara tura Hamidu aiki, ya taɓa tafiya horo na mako guda, zazzaɓi ya kwantar da Rabi da goyo a bayanta. Kwana uku tana kwance, ba wanda ya buga ƙofa. Cikin da take ɗauke da shi a lokacin bai tsaya ba. Tun ranar ta rantse ɗiyarta ba ta sake zama cikin baƙi, don ta ɗauka sai naka ne ke leƙo ka. Har Ajudan sai da ya sunkuyar da kai.

Sai ta juyo gare ni. "Ƙirga mani kwanonin ga."

Na ƙirga. Bakwai.

"Wane ne naka?"



"Kai ɗai ne namu a wurin ga. Tsauni guda ya raba mu, na san kakanka. Tun hantsi kake yawo da ni cikin rana da takarda a hannu, ko ruwan hura ba ka aiko ba. Waɗanda ka ɓoye su ne sunka ciyar da ni."

Gidana daga nan bai fi tafiyar minti goma a moto ba. Da na faɗa wa matata da safe cewa uwar wani ɗan wajenmu za ta sauka, da ta yanka kaza. Ban faɗa ba, ina can ina koya wa mutane yadda ake zama Ba'adare. Na sha jin faɗa a wurin Shef, na sha zagi a wurin masu rigimar borni, amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Inna ta ce wa Mushe ya karɓi takardu ya sa hannu, ita ma tana nan sai an yi arba'in. Ta sa aka kira Maman Bose, ta ce ta zauna ta nuna mata yadda ake cin baƙin tuwon nan. Ta kai loma ɗaya da jar miyar, ta nemi kindirmo da gaggawa, sannan ta kai ta biyu. Na tsuguna a gaban Maman Bose na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma daga yau in na zo sayen roba kada in yi tsammanin ragi.

Washegari na kai wa Shef takardu da sa hannu, na kuma faɗa masa duk yadda aka yi, don na san Ajudan zai riga ni. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in na sake shirya wasan kwaikwayo da sunan bironsa zan koma ɗaukar borni a ka. Sai ya tambaya ko gaskiya ne ɗankwalin mai furanni ne. Na ce gaskiya ne. Ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa, ina jin dariyarsa daga waje.

Kun san ba a mayar da kwano wofi. Da yammacin Larabar nan Inna ta kwance buhunta, ta cika kowane kwano da wake da busasshiyar albasa da garin kuka, Rabi ta bi gida-gida ta mayar. Ni ban ga wannan ba, na riga na sulale. Da na isa gida bayan magariba na tarar da matata tsaye a tsakar gida da wata ƙwarya cike da wake. Mushe ne ya kawo, ya ce in ji Inna. Ƙwaryar da ta taho da ita daga ƙauye ce, ɗaure cikin zane.

"Malam," in ji matata, "wane kwano munka aika da anka maido muna wanga?"

Rabi ta sauka lafiya da ruwan farko. Matar Agali da Maman Bose ne suka kai ta asibiti a motar direba, Mushe yana aji. Yaran sun tashi a layin, yau suna iya tsokanata da harshe huɗu. Ƙwaryar tana nan a gidana, matata ta hana a taɓa ta, kuma duk ranar da na fara cika baki sai ta ɗago ido ta dube ta.

To ku da za ku gaje ni, borni huɗu za ku dasa, taswira za ku zana, kuma ku yi su daidai, don taki ɗaya yana raba 'yan'uwa. Amma wata rana mai saye zai sassauta murya ya tambaye ku su wane ne a layin. Kada ku jera masa ƙabilu, kada kuma ku ɓoye masa kowa. Ku kai shi da hantsi, ku shimfiɗa masa tabarma, ku bar shi ya jira azahar. Kuma kafin ku fita daga gida, ku ce wa matanku su ɗora tukunya.